Makullin Banɗaki a Ajin Madam Nchang

Ranar Alhamis ce karo na uku cikin mako guda da Eyenga ta ɗauki siket ɗin makarantar 'yarta ta ji zarni. Ta sake kai shi hanci, ko hancin ne ke mata ƙarya, sannan ta jefa shi cikin roba ta zuba garin sabulu. Abomo shekararta bakwai. Tun tana da biyu da rabi ta daina fitsarin kwance, har matan gidan hayarsu na Nkolndongo suna yi wa 'ya'yansu gori da ita. Yanzu kuma tana aji biyu, da rana tsaka take dawowa da rigar sanyi ɗaure a ƙugu, tana tafiya a hankali kamar wadda aka yi wa allura.

Eyenga ta tambaye ta da lallashi, ta tambaye ta da tsawa, ta ma yi mata alkawarin alewa. Yarinya ta kafe ido a ƙasa tana murza gefen rigarta. Shirun nan ya fi zarnin damun uwar, domin Abomo a da ba ta barin kowa ya huta da tambaya. Me ya sa kaza ba ta fitsari, ina ruwan sama yake kwana, wa ya haifi kakar Kaka. Tun da aka dawo daga hutu bakinta ya mutu.

Fouda, mijin Eyenga, ya ajiye tasinsa a bakin layi ya shigo cin abincin rana. Yana warware bobolo, dafaffen rogon da ake naɗewa a ganye, yana dangwalawa a miyar gyaɗa, a nan ya yanke hukunci cewa wasa ne ke ɗauke wa yarinya hankali, shi ma yana yaro ya yi wanda ya fi haka, ga shi kuma ya girma. Da ya ga matar ba ta yi dariya ba, sai ya ɗauko tsohuwar maganarsa.

"Ke kika ce sai makarantar Ingilishi, Maman Abomo. Ni na ce ga ta Faransanci nan a ƙofar gida, ko tari ta yi muna ji."

Gaskiya ne ita ta dage. Daga ita har Fouda babu mai jin Ingilishi sai na gaisuwa. Amma da idonta ta ga ƙanwarta ta rasa aikin otal don ta kasa amsa wa baƙo tambaya, kuma rabin matan da ke kawo mata ɗinki a Yaoundé sun kai 'ya'yansu irin waɗannan makarantu. Ta ce masa ya ci abincinsa ya koma hanya, fasinja na jiransa.

Washegari da safe Abomo ta ƙi shan kunu, ta ƙi shan ruwa, da ta shiga yin fitsari kuma Eyenga ta jiyo kukanta. Ba ta tsaya neman shawarar kowa ba, ta ja hannunta sai asibitin unguwa. Nas ta auna fitsarin, ta ce ƙwayoyin cuta sun fara kama mara. Ta ce yarinyar nan riƙewa take yi har sai ya fi ƙarfinta, kuma ta daina shan ruwa ne don kada ya zo mata. Ta rubuta magani, ta ce idan aka ci gaba a haka abin zai iya hawa zuwa ƙoda, sannan ta kalli Eyenga ta saman gilashinta kamar ita ce ta toshe banɗakin.

Sai ranar Asabar da la'asar maganar ta fito, lokacin da Eyenga ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta tana mata kitso. Yarinya ba ta ganin fuskar uwa, shi ya sa bakin ya buɗe. Ashe tun farkon zango aka sa wa banɗakin makaranta kwaɗo, saboda 'yan acaɓan mararraba suna shigowa ta inda katanga ta zube su ɓata shi. Kowane aji da nasa makulli a hannun malami. Madam Nchang, malamar aji biyu, kullum sai ta canza wa nata wuri: yau cikin gwangwanin alli, gobe cikin jakarta, jibi bayan taswira. Duk wanda ya matsu sai ya miƙe tsaye ya tambayi inda makulli yake da Ingilishi, kuma ba kai tsaye ba, sai ya fara da neman izinin ya sani, yadda ake tambayar babba. In ya kuskure, Madam ba ta duka, ba ta zagi. Hannu kawai take sawa bayan kunne ta ce ba ta ji ba, ya zauna ya yi tunani ya sake gwadawa an jima. Aji kuwa sai dariya. Abomo ta gwada sau huɗu a makon farko, daga nan ba ta sake ɗaga hannu ba.

Eyenga ba ta san ta ja gashin da ƙarfi ba sai da yarinya ta ce wayyo. Ta sassauta, ta ƙarasa kitson.

Ita mace ce da in ta ga yage sai ta nemi allura. Ranar Lahadi bayan coci ta ɗauki Abomo suka nufi ɗakin Pa Tabe da ke can ƙarshen gidan, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin Mamfe, wanda Ingilishi ne yaren bokonsa. Tsoho ya ji daɗin an zo nemansa. Ya jera marafan kwalba biyar a kan benci, ya ce kowane marfi kalma ce. Idan ka yi tambayar tsirara, wannan ƙaramin marfin yana tsallakowa ya zauna gaban makulli. Idan ka sa mata riga, wato ka fara da ko zan iya sanin, sai marfin ya koma can ƙarshe ya kwanta. Eyenga ta tambaye shi su wa suka zauna suka shirya wannan, kuma me suka sha ranar. Pa Tabe ya ce duk sun mutu, babu inda za a kai ƙara.

Suka yi ta maimaitawa har rana ta karkata. Abomo ta faɗa daidai sau ashirin. Eyenga ma ta haddace, tana wanke kwanoni tana faɗa. Har Fouda ya kama, da aka zauna cin abinci ya miƙe tsaye ya haɗa hannu a ƙirji ya nemi izinin sanin inda gishiri yake, sai da Abomo ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Ranar Litinin ta dawo da rigar sanyi a ƙugu. Ta ce ta miƙe, ta faɗi rabi, sai wata a bayanta ta yi ƙus, kalmomin suka cakuɗe, Madam ta sa hannu a kunne.

Talata da safe Eyenga ta rufe shagon ɗinkinta, ta sa takardar asibiti a jaka. A ƙofar makaranta akwai allo da ke cewa daga nan zuwa ciki Ingilishi kaɗai ake yi. Ta wuce shi, ta gaida maigadi da yarensu na Ewondo, ya amsa mata da Ewondo.

Madam Nchang ta fito baranda lokacin tara. Doguwa ce siririya, ta ba hamsin baya, gilashinta na rataye da igiya, yatsunta fari fat da alli. Sai da ta waiga ta tabbata babu ɗalibi kusa, sannan ta yi magana da Faransanci mai kyau, wanda ya fi na Eyenga ma. Ta karanta takardar sau biyu, fuskarta ta canza. Ta ce ba ta sani ba, yarinyar tana zama wuri ɗaya har a tashi, ita ta ɗauka natsuwa ce. Ta ce za ta riƙa zama da ita bayan an tashi su yi ta gwadawa su biyu. Eyenga ta fara jin sanyi a ranta, har Madam ta ƙara da cewa makulli dai yana nan yadda yake.

Ta yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Shekararta ashirin da uku tana koyarwa ba ta taɓa ɗaga bulala ba, alhali ita da bulala aka koya mata. Yara sittin da ɗaya ne a ajinta, hamsin daga cikinsu ba sa jin Ingilishi a gida ko a rediyo. Sukan haddace don jarrabawa, a ba da hutu su manta. Abin da yaro yake buƙata da gaske ne kawai yake zama a bakinsa, kuma babu yaron da ba ya buƙatar banɗaki. Cikin mako uku hamsin da takwas sun iya tambayar da ɗaliban sakandare ke kasawa. In ta ɗage wa mutum ɗaya yau, gobe sittin za su koma nuni da yatsa.

"Madam, sauran ukun fa?" in ji Eyenga.

"Za su iya."

"Yaushe? Mara ba ta jiran ƙarshen zango."

Madam ta ce ta fahimci zafin uwa, ita ma ta haifi huɗu, amma iyaye ne suke zuwa suna roƙo a sa 'ya'yansu a ajinta, kuma su ne ke fara ƙorafi in an zo wurin koyon. Ƙararrawa ta kaɗa, ta miƙa wa Eyenga takardarta ta koma ciki.

Hedimasta ya ba ta kujera, ya ba ta ruwa, ya saurare ta yana gyaɗa kai. Ya ce ba zai sa baki a hanyar koyarwar Madam Nchang ba, ita ce ginshiƙin makarantar. Ya ce maganar kwaɗo kuma sai an gyara katanga, katanga kuma sai mai makaranta ya dawo daga tafiya. Da Eyenga ta tambaye shi to ita yanzu ta yi yaya da 'yarta, sai ya yi murmushi ya ce ai ƙofa a buɗe take ga iyaye, in tana so ta riƙa zuwa tana kai yarinyar da kanta, babu mai hana ta. Ta ce ya maimaita. Ya maimaita yana dariya. Ta yi godiya ta fita.

Laraba ƙarfe takwas da rabi ta iso da kujera 'yar tsugunno a kai, da jakar ɗinkin hannu, da galan na ruwa. Ta ajiye su a baranda ƙarƙashin tagar aji biyu. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta gaida Madam, ta nemi izinin sanin inda makulli yake da Ingilishin Pa Tabe, kowace kalma a mazauninta. Madam ta tsaya da alli a hannu na ɗan lokaci, amma doka tata ce, an tambaya daidai. Ta nuna bayan kalanda.

Eyenga ta ɗauki makulli, ta yafito Abomo, ta kai ta, ta dawo da ita, ta sa ta sha ruwa kofi guda a tsaye. Makullin kuwa ba ta mayar ba. Ta ɗaure shi a bakin zaninta ta zauna ta fara kalmasa bakin wata riga. Babu wanda ya gaya mata lokacin da ake mayarwa.

Kafin awa guda wata 'yar yarinya mai haƙoran gaba biyu a cire ta fito tana matse ƙafa. Ta tambayi Madam yadda ya kamata, Madam ta ce makulli na waje. Ita ce ta farko. Wadda ta biyo bayanta ba ta ma tsaya tambaya ba, izinin fita kawai ta nema. Zuwa azahar Eyenga ta kwance bakin zaninta sau goma sha bakwai.

Alhamis abin ya fi haka. Ashe ba uku ba ne. Cikin waɗanda suka iya tambayar ma akwai da yawa da suke riƙewa, don gudun kada ranar harshensu ya zame a yi musu dariya. Yanzu da suka ga hanya, sai suka yi ta fitowa bi da bi kamar tururuwa. Wannan zip ɗinta ya maƙale, wancan maɓallin wandonsa ya tsinke, wata tana son ruwa, wata tana son ta faɗa wa Maman Abomo cewa kyanwarsu ta haihu. Eyenga ta ɗinke maɓalli uku, ta share hanci ya fi biyar, ta je famfo sau biyu. Rigar da ta zo da ita ko hannu ɗaya ba ta gama ba. Wayarta kuwa ba ta daina kuka ba, domin akwai ankon biki na mata takwas da ta yi alkawarin bayarwa ranar Asabar, kuma uwar amarya ta riga ta je shago sau biyu ta tarar da kwaɗo, ta ce in Eyenga ta mutu ne a gaya mata ta zo gaisuwa.

Da yamma Fouda ya tarbe ta da ranki ya daɗe ministar banɗaki, ya tambaya ko gwamnati ta ba ta mota. Ta ce masa in ya ƙara kalma ɗaya gobe shi zai ɗauki kujerar. Can da ya ga Abomo ta ɗaga kofi ta shanye ba a ce mata ba, sai ya ce zai riƙa sauke su da safe a ƙofar makaranta, ai hanyarsa ce, alhali ba hanyarsa ba ce.

A ɓangaren Madam Nchang ma ba daɗi. Tana rubutu a allo, rabin aji na leƙen taga. A barandarta, taku uku daga teburinta, ana zuba Faransanci da Ewondo kamar a kasuwa. Ta aika wa hedimasta, ya aiko cewa yana cikin taro. Ita da Eyenga suna gaisawa da safe, suna sallama da rana, kowacce fuska a ɗaure, babu mai ƙara komai.

Juma'a da safe Eyenga ta tarar an riga ta. Wata mata mai sayar da fanke da wake a mararraba, uwar ɗaya daga cikin ukun nan, ta kafa tata kujerar a ƙarƙashin taga. Ta ce ɗiyarta ce ta ba ta labari, ita ma wata guda ke nan tana wanki ba ta san dalili ba, har ta kai yarinyar wurin mai addu'a. Ta ce akwai wasu mata biyu da suka ce za su zo Litinin, a riƙa yin karɓa-karɓa.

Madam ta ga kujeru biyu da ta iso, ta wuce aji. Lokacin tara, da yara suka watse filin wasa, ta fito ta tsaya a kansu. Ta cire gilashi ta bar shi yana lilo a ƙirjinta, ta murza idanunta da bayan hannu don kada alli ya shiga.

"Maman Abomo, har yaushe za ki yi wannan zaman?"

"Ni ma tambayar da nake wa kaina ke nan, Madam. Ina da riguna takwas da ko yanka biyu ban yi ba."

"Kin rushe mini aikin mako shida."

"Ban zo rushe komai ba. Ni na kawo ta nan, ni nake so ta iya. Za ta koya, har ni ma ki ƙara mini in kina da lokaci. Amma ba da fitsari a mararta ba."

Madam ta daɗe tana kallon filin wasa. Ta tambayi yara nawa ne suka fito jiya. Eyenga ta ce ta daina ƙirga a talatin da huɗu. Madam ta ce a da ba su wuce goma sha biyu a rana. Ta faɗi haka a hankali, kamar da kanta take magana, kuma mai fanke ta buɗe baki za ta ce wani abu, Eyenga ta taka mata ƙafa.

Madam ta shiga aji, ta dawo da ƙusa guda da ta zare daga bayan wani tsohon hoto. Ta tambaya ko cikinsu akwai mai guduma. Babu. Eyenga ta sauka ta ɗauko dutse a gindin mangwaro. Madam ta ɗora ƙusar a jikin katakon ƙofa daidai kafaɗarta, Eyenga ta kama hannunta ta saukar da shi ƙasa, daidai tsayin ɗan shekara bakwai. Eyenga ta buga sau biyar, na huɗun ya sami babban yatsanta, ta tsotse shi ta ƙarasa. Sannan ta kwance makulli daga bakin zaninta ta rataye.

"Kada ki ɗauka sun tsira," in ji Madam. "Daga Litinin ƙwallonsu da igiyar tsalle zan riƙa ɓoyewa. Wanda bai tambaya daidai ba ya yi tara a zaune."

"Ki ɓoye, Madam. Ba a kwantar da yaro a asibiti don ƙwallo."

Madam ta ja ɗan tsaki wanda ya yi kama da dariya, ta mayar da gilashinta. Ta ce Abomo ta riƙa tsayawa minti goma bayan an tashi, wannan kam babu fashi. Eyenga ta ce ko ashirin ne.

Ƙararrawa ta kaɗa, yara suka dawo da gudu, jar ƙasa har gwiwa. Eyenga ta ce wa mai fanke ta ɗauki kujerarta ta koma wurin kaskonta, kuma ta aika wa matan nan biyu su yi zamansu a gida. Ta tattara rigar da ba ta gama ba, ta ɗora kujera a kai, wayarta ta sake kuka, uwar amarya ce. Ta bar ta tana kuka. A bakin ƙofar makaranta ta tsaya tana neman tasi, ta waiga sau ɗaya. Abomo ta fito daga aji, ta miƙa hannu ta zare makulli daga ƙusa ba ta kalli kowa ba, ta nufi bayan ginin.